Darasi na 9: Sayen Sabon Gida Karon Farko

Wanda ya gaji da zaman haya, da zarar dillali ya buɗe masa ƙofar sabon gida, fenti da tayil da ƙofofin ƙarfe ne ke fara ɗauke masa hankali. Su kuwa ko sun lalace, gyaransu ba ya karya mutum. Abin da ke cinye dukiya yana cikin takarda da cikin ƙasar da aka ɗora ginin, don haka da su za mu fara.

Takardar fili

Filin da hukuma ta yanka a cikin birni, a nan Maradi ta ƙasar Nijar, yana da takarda daga ma'aikatar magajin gari, wadda ake kira akt da sesiyon. A jikinta akwai sunan mai filin, da lambar ilo (rukunin filayen da yake ciki), da lambar parsel (filin kansa), da girman filin. Ka nemi ta asali, kada ka yarda da kwafi. Ka karanta sunan da kanka, harafi bayan harafi, ka gwada shi da wanda ke kan katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Idan sun saɓa, sai ka tambaya:

"Alhaji, sunan wa ke kan takardar nan?"

"Na marigayi mahaifinmu ne, amma ni na yi ginin."

To, a nan ka dakata. Filin gado ne, kuma sai dukan magada sun yarda, a rubuce, kafin ciniki ya tabbata. Ƙanwa guda da ke aure a Tasawa ko Katsina, idan ba ta sa hannu ba, tana da ikon tayar da maganar ko bayan shekaru.

Daga nan ka tafi ma'aikatar magajin gari, ofishin da ke kula da filaye, a duba maka lambobin a cikin rajista. Ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma rajista ce ke tona wannan. Ka tambayi takardar izinin gini. Idan gidan yana da titir fonsiye, ya fi ƙarfi, domin ita ce cikakkiyar shaidar mallaka, kuma a jikin rajistarta ake rubuta jinginar banki idan akwai.

Ƙasa da ruwa

Maradi ta san ruwa. A 1945 Gulbin Maradi ya cika ya ci tsohon gari, shi ya sa aka hau da birni kan tudu. Damanar 2024 ma ta rusa gidaje masu yawa a jihar nan. Gidan da aka gama da rani bai ga jarrabawa ba tukuna. Ka zagaya unguwar da ƙafa, ka gaida maƙwabta, ka tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi a watan Agusta. Ka duba ko daɓen gidan ya fi titi tudu. Ka tambaya ko wurin tsohon kududdufi ne ko ramin ɗibar ƙasa da aka cike, domin irin wannan wuri yana zama a hankali, bango ya tsage.

Ginin kansa

Ka zo da magininka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ya kankare bulo da ƙusa: idan yana zuba kamar gari, an yi rowar siminti. Ya hau ya duba kwano da katakon rufi, ya duba tsaga a saman ƙofa da taga. A zuba ruwa a makewayi a ga inda yake tafiya, a buɗe ramin masai. Wuta da famfo kuma, a nuna maka takardar NIGELEC, kamfanin wuta, da ta kamfanin ruwa, ka tabbata ba daga gidan maƙwabci aka jawo ba.

Biyan kuɗi

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama binciken takarda. A tsayar da la'adar dillali tun farko, da wanda zai biya ta. A kasuwa muna lissafi da dala (sefa biyar) da jaka, amma takarda da sefa ake rubuta ta: jaka ɗaya sefa 1.000 ce, jaka dubu kuma miliyan ɗaya, wato 1.000.000. Ka ƙirga sifirin da yatsa. Tun da naira ma tana yawo a garin nan, a rubuta sunan kuɗin ƙarara. A yi cinikin gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, da shaidu, a karanta maka a fassara da Hausa kafin ka sa hannu. Ka ware kuɗin noter da na haraji da na canza suna, domin muddin ba a mai da takarda da sunanka ba, hukuma tsohon mai ita ta sani. Mace ma idan da kuɗinta ta saya, sunanta ya kamata a rubuta.

Aiki

An yi cinikin gida a kan sefa 12.000.000, an ba da kafin alƙalami 1.500.000. Nawa ya rage? Rubuta amsar da lamba, sannan ka faɗe ta da jaka.