Yadda za ka jure jiran amsa bayan ka tura wa edita rubutunka

Na taɓa tura labarina ga wani kamfanin ɗab'i, na yi wata bakwai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kullum da safe, a cikin motar haya ta danfo daga Agege zuwa Oshodi a Legas, waya na hannuna, in buɗe imel in rufe. A watannin nan ko shafi goma ban rubuta ba, kuma wannan asarar ta fi shirun yi mini ciwo. Ga tsarin da nake bi yanzu.

Tun kafin ka tura, karanta ƙa'idar karɓar rubutu da kamfanin ya wallafa. Kamfanonin ɗab'i irin su Masobe, Ouida da Farafina a nan Legas, da Cassava Republic ta Abuja, kowanne da tsarinsa. Wakilan marubuta na Ingila da Amurka, waɗanda ke kai littafi ga kamfani su ɗauki kashi 15 cikin ɗari idan an saya, da yawansu suna faɗa ƙarara cewa in mako 8 ko 12 ya wuce ba ka ji daga gare su ba, to ba su ɗauka ba. Ka ga a nan shirun ma amsa ce.

Sai ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ja layi huɗu: wa na tura wa, yaushe, me na tura, wace rana wa'adi zai cika. Layi na huɗun nan shi ne maganin. Da zarar ka rubuta "15 ga Yuni", zuciya ta san ba ta da hurumin damuwa kafin ranar. Imel kuwa ka ware masa lokaci ɗaya a yini, ni bayan Isha'i nake dubawa.

Kada ka tura wa mutum ɗaya ka zauna jiran gawon shanu. Tura wa biyar ko shida a tashi ɗaya, sai dai in wani ya sharɗanta cewa shi kaɗai zai riƙe. Ka kuma lura da kalandarsu: a watan Oktoba ana baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus, hankalinsu na can, ƙarshen Disamba kuma hutu ne.

Wa'adi ya cika? Tura tuni sau ɗaya, jimla uku: gaisuwa, sunan littafin da ranar da ka tura, sannan tambaya ko suna kan dubawa. Ban da ƙorafi, ban da bin edita ta WhatsApp da daddare. Wanda ya nemi cikakken littafi, ka ba shi wata uku kafin ka tuntuɓa.

Akwai tarko biyu da gajiya ke jefa mu ciki. Mu marubutan Hausa mun saba sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, masu karatu na yabawa nan take, kuma daɗin hakan ba kaɗan ba ne. Amma littafin da ke hannun edita, in ka sake shi, kamfanoni da dama za su ɗauke shi a matsayin wanda aka riga aka wallafa. Riƙe shi, 'yar'uwa, riƙe shi, ɗan'uwa. Na biyu, duk wakilin da ya ce ka biya kuɗin karatu don a gaggauta maka, ka guje shi. Wakilin gaskiya sai littafi ya sayu yake samun nasa.

Ranar da ka tura, washegari ka fara sabon rubutu. In ana bikin littattafai na Aké ko na Freedom Park a nan Legas, ka je ka ga editocin ido da ido, ka ji me suke nema.

In wani ya ce yana so, ka sanar da sauran a ranar, ka ba su mako biyu su yanke shawara. In kuwa wata ɗaya ya wuce bayan tuni ba labari, ka soke sunan a littafinka, ka sake duba shafukan farko na labarin, ka tura wa na gaba.