Yadda Mai Saƙar Kibiya Za Ta Koyi Saƙar Kwarashi

Matar da ta saba saƙa hula da rigar sanyin jarirai da kibiya biyu, ko wadda ke da keken saƙa a ɗaki, ta riga ta yi rabin aikin koyon kwarashi. Yatsunta sun san zare, idonta ya san saƙa mai kyau da mai muni. Abin da ya rage mata shi ne ta sake wa hannunta tarbiyya, domin a nan madauki ɗaya tak ke zama a kan ƙugiya, ba layi guda na madaukai ba. Wannan sauƙi ne babba: in kin yi kuskure, zare kwarashin, ja zaren, ya warware zuwa inda kike so.

Fara da kayan aiki. A Babbar Kasuwar Sakkwato, wajen masu sayar da zare da kayan ɗinki, nemi kwarashin ƙarfe mai lamba 4 ko 5 na milimita, da ƙullin ulu mai matsakaicin kauri. Ki duba takardar da ke jikin ulun, galibi ana rubuta girman kwarashin da ya dace da shi. Launi kuwa ki ɗauki mai haske, ruwan ƙwai ko ruwan toka. Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanun saƙa, mai koyo kuma gani take buƙata. Siririn kwarashin nan na saƙa bakin mayafi ki ajiye shi sai hannu ya faɗa.

Riƙo iri biyu ne, riƙon biro da riƙon wuƙa, duk wanda ya yi miki daɗi daidai ne. Inda masu kibiya suka fi shan wuya shi ne zaren. In kin saba jefa shi da hannun dama, yanzu hagu ne zai riƙe shi. Ratsa shi ta ƙaramin yatsa, ki ɗora shi bisa manuniya, babban yatsa da na tsakiya su kama gindin aikin. Manuniyar ce ke sassautawa ko ta ɗaure. Ki ba wannan lokacinsa, don duk kyan saƙar daga nan yake fitowa.

Yi ƙullin zarge ki sa a kwarashi, ɗauko zare ki jawo ta cikin madaukin. Sarƙa ɗaya ke nan. Yi 16, kuma kada ki matse su, tunda cikinsu za ki dawo ki shiga.

Sai gajeren ɗauri. Tsallake sarƙar da ke kusa da ƙugiya, soka a ta biyu, jawo zare. Madaukai biyu ke nan a kan kwarashi. Sake ɗauko zare ki ratsa su duka biyun. Haka har ƙarshen layi, za ki samu ido 15. Yi sarƙa ɗaya, juya aikin, ki dawo. Daga layi na biyu, saman kowane ido yana da zare biyu masu siffar V, ƙarƙashinsu duka za ki soka.

A nan nake roƙonki ki riƙa ƙirga, 'yar'uwa. Kibiya tana riƙe miki idanunki a jere, kwarashi ba ya yi. Idon ƙarshe na layi yakan kwanta gefe ya ɓuya, ki tsallake shi ba ki sani ba, bayan layi kaɗan ki ga aikin yana tsukewa ta sama. Maganinsa ki ratsa guntun zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe na kowane layi. In ƙirgarki ta ba da 14, warware nan take.

Dogon ɗauri shi ne mai saurin cika aiki. Naɗa zare a kwarashi kafin ki soka, jawo, madaukai uku ke nan. Ɗauko zare ki ratsa biyu, sake ɗaukowa ki ratsa biyun da suka rage. Wajen juyawa sarƙa uku ake yi. In kina kallon darasi a YouTube, ki lura ko mai koyarwar tsarin Amurka take bi ko na Ingila, domin suna ɗaya suke ba ɗauri biyu mabambanta.

Da waɗannan biyun za ki iya hular jariri. Sarƙa huɗu, haɗe ta ta zama zobe, zuba dogon ɗauri 12 a cikinsa. Zagaye na biyu, biyu a kowane ido, 24. Na uku, ƙari a kowane ido na biyu, 36. In da'irar ta fara zurfi kamar ƙoƙo tun ba ki so ba, ƙarin ya yi kaɗan. In bakinta yana tattarewa, ya yi yawa. Idan faɗin ya kai na tsakiyar kan yaron, daina ƙari, ki ci gaba da zagayawa, hular za ta sauko da kanta. A ƙarshe yanke zare, jawo shi ta madaukin, ki ɓoye jelar cikin saƙar da babbar allura.

Ki sayi zare fiye da yadda kika saba, kwarashi ya fi kibiya ci. Sannan zafin garinmu yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu gumin hannu yana sa ulun roba ya riƙa kamewa a jikin ƙugiya, don haka ki zauna aiki da sassafe ko bayan la'asar, ki wanke hannu ki tsane shi. Zaren auduga ya fi daɗin taɓawa a bazara, shi ya dace da jaka da shimfiɗar tebur, sai dai ba ya miƙewa, yana gajiyar da yatsun mai koyo. Ulun roba kuma kada ki ɗora masa dutsen guga, narkewa yake yi. Hulunan hunturu ki fara su tun damina, kafin Disamba ta zo masu jego su fara aiko miki.