Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Majigi da Kafa Shi a Aji, Ofis ko Falo

Majigin da a da sai an rungumo shi da hannu biyu, yanzu yana shiga jakar kwamfuta. Abin da ya ƙanƙantar da shi wata 'yar ƙwaya ce mai suna DMD, wadda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a kamfanin Texas Instruments na Amurka a 1987. Fuskarta ba ta wuce farcen babban yatsa ba, amma a nau'in 1080p, wato mai hoton ɗigo 1920 sau 1080, akwai madubai sama da miliyan 2 a kanta, kowane madubi ɗigo ɗaya ne na hoto. Masu irin wannan ƙwayar su ake kira DLP. Ɗaya nau'in, 3LCD irin na Epson, raba haske yake gida uku, ja da kore da shuɗi, ya sake haɗa su.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Da yawa daga cikin masu araha an rubuta musu 1080p, alhali karɓar hoton kawai suke yi, su matse shi zuwa 800 sau 480. Fim zai kallu, amma ƙananan alƙaluman Excel za su dagule. Abin tambaya shi ne ainihin ɗigon da ke kan ƙwayar: 1920 sau 1080 ga ofis, 1280 sau 800 ya wadatar a aji.

Haske kuwa, wanda aka auna da lumen na ANSI, wato daidaitaccen ma'aunin hasken majigi, za ka nema. Aji mai tagogi da rana na son 3,000 zuwa 4,000. Falo da dare, an kashe fitila, 500 zuwa 1,000 sun isa. In ka ga majigi kamar tafin hannu an liƙa masa 9,000, ba da wannan mudun aka auna ba.

Kafin ka huda silin, yi lissafin nisa. A littafin kowane majigi akwai lambar jifa. Ninka ta da faɗin hoton da kake so, abin da ya fito shi ne nisan majigin daga allo. Allo mai inci 100 daga kusurwa zuwa kusurwa faɗinsa kusan mita 2.2 ne, don haka mai lamba 1.5 zai zauna a mita 3.3. Mai gajeren jifa na 0.5 kuwa mita 1.1 ya ishe shi, shi ya fi dacewa da aji, domin malami ba zai tare hoton da inuwarsa ba, haske kuma ba zai dalle masa ido ba. Saita idon majigin ya fuskanci allo kai tsaye, daidai tsakiyar faɗinsa. Maɓallin gyara karkata yana miƙar da hoto, amma da ɗigon yake biya, rubutu ya rage kaifi. Gara ka gyara zaman majigin da hannu.

Zafi ne babban makashinsa, kuma ƙaramin jiki bai da wurin shan iska. Bar masa aƙalla santimita 30 ta gefen da fanka ke hurowa. A lokacin hunturu a kakkaɓe matatar ƙura kowane mako biyu, ba sai fitilar gargaɗi ta kama ba. Ƙurar da ta shige cikin 3LCD takan fito a allo kamar tabon gajimare. Fararen ɗigo kamar taurari a DLP kuwa madubai ne suka maƙale, galibi saboda zafi. Gogewa ba ta magance su, sai an canja ƙwayar.

Mai ƙwan fitila ba ya son ɗauke wuta kwatsam, don fanka na tsayawa ƙwan na tafasa. Haɗa shi da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata da za ta ɗauki wat 350, ka kashe da maɓalli, ka jira fanka ta yi shiru kafin ka zare waya. Ƙwan kan yi awa 3,000 zuwa 6,000, yana dushewa a hankali, kuma akwai sinadarin makuri a cikinsa, kada a fasa shi ko a jefa a bola inda yara ke wasa. LED da lesa kan kai awa 20,000, ƙananan LED ɗin ma da yawansu ba sa cin wat 100, abin da batirin sola na gida zai riƙe har a tashi wasan ƙwallo.

In hoto na ɗaukewa yana dawowa, fara zargin wayar HDMI. Da ta haura mita 10, sai a koma mai ƙarfafa sigina.