Babi na Shida: Tanadin Abinci Idan Kuɗi Ya Rasa Daraja

A ajinmu na yamma akwai wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta daɗe tana jefa 'yan canji a asusu, da niyyar in sun taru ta sayi buhun gero. Ranar da ta fara tarin ta san kuɗin buhu, ta kuma riƙe shi a ka. Ranar da ta fasa asusun kuɗin sun cika cif, amma da ta aika kasuwa ko rabin buhu ba su kawo ba. Ta ce da ni, "Malam, ɗakina a kulle, asusu a rufe, ba ɓarawon da ya shigo, amma an yi mini sata."

Gaskiya ta faɗa. Takardun nata suna nan yadda ta zuba su. Darajarsu ce ta zurare.

Abin da ya ci kuɗin dattijuwar nan

Takardar kuɗi ba a dafa ta. Amfaninta shi ne abin da za ta sayo. In yau dubu ɗaya ta sayi kwano guda, baɗi ta sayi rabin kwano, to rabin kuɗinka ya tafi ko da ba ka taɓa shi ba. Wannan ake kira hauhawar farashi.

Mu Kanawa mun gani da idonmu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai ₦200 ba ta haura ₦500. A watan Yuni na shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da ake canzawa wajen ₦460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce ₦1,500. Wani zai ce, ina ruwan mai cin tuwon dawa da dala? Ruwansa ne ƙwarai. Takin da manomi ya zuba, man motar da ta ɗauko hatsin, tayarta da kayan gyaranta, duk da hannun dala a ciki. Sannan in naira ta faɗi, hatsinmu ya zama araha ga mai riƙe da sefa, sai ya tsallako ya saya da yawa. Abin da 'yan canji suka faɗa a Wapa da safe, ba ya daɗewa sai ka ji shi a bakin mai awo. A 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A lokacin ne gidaje da dama a Kano suka koma cin afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa gefe.

Akwai inda abin ya fi haka muni. A Zimbabuwe sai da gwamnati ta buga takarda guda ta dala tiriliyan 100 ta kuɗinsu a 2009, kantuna kuwa suka zama wayam. Allah ya kiyaye mu da irin wannan. Amma ko ba a kai can ba, mun ɗanɗana ranakun da mai kuɗi ma bai iya saye ba: kullen korona a 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 lokacin da mutum ke yini a layin banki, da dokar hana fita ta farkon Agustan 2024. Wanda ya fi jigata a ranakun nan shi ne mai awon kullum, wanda sai gari ya waye zai nemi na ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka darasin yau lissafi ne da aikin hannu.

Fara da sanin cikin gidanka

Mutane da yawa sun san nawa suke bayarwa na cefane, amma ba su san kwano nawa gidansu ke ci ba. Lissafin naira kullum sauyawa yake. Lissafin kwano ba ya sauyawa sai an yi haihuwa ko an yi baƙi.

Karanta wannan hira a bayyane.

"Malam, geron nan fa ya kusa ƙarewa."
"Haba dai! Ba shekaranjiya na auno ba?"
"Yau kwana tara ke nan. Kwano goma ka kawo, mu takwas ne a gidan nan, kullum kwano guda muke tashi da shi tsakanin tuwo da koko."
"Ashe a wata kwano talatin ke nan."
"Ban da ranar da su Inna suka zo."
"To, ɗauko mini littafin nan da biro."

Mu taya shi. Gidan da ke cin kwano 1 a rana zai ci kwano 30 a wata. Babban buhu yakan ɗauki kwano 40 ko kusa da haka, wato abincin kwana 40. Watannin da hatsi ya fi tsada su ne na tsakiyar damina, lokacin da tsoho ya ƙare sabo bai iso ba, kamar daga Yuni zuwa Agusta. Wata 3 sau kwano 30 ya zama kwano 90, buhu 2 ke nan da kwano 10. Wannan shi ne abin da maigidan zai sa a gaba. Kowa ya yi na gidansa, domin cin gidan da ke da samari ba ɗaya yake da na mai ƙananan yara ba.

Na san wani zai yi dariya ya ce, Malam, wanda bai da na yau ina ya ga na wata uku? Ban ce a sayi buhu rana ɗaya ba. Iyayenmu mata suna da wata dabara: duk sanda za a ɗora tukunya, a ɗebi cikin hannu guda daga abin da aka auna a zuba a wata roba. Ba wanda zai ji an rage masa tuwo. Mai samun kuɗi kullum, kamar ɗan adaidaita ko tela, ranar da kasuwa ta yi kyau ya ƙara rabin kwano a kan awonsa ya ajiye. Tanadin mako guda ma tanadi ne. Shi ne zai riƙe gida ranar da aka wayi gari ba fita.

Yaushe, kuma a ina?

Da kaka ake saye. Gero yakan fara shigowa a Satumba, masara da wake su biyo baya, dawa sai wajen Nuwamba da Disamba. A Dawanau, kan hanyar Katsina, ake samun farashin sari, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Sai dai mutum guda ya ɗauki mota zuwa can don kwano biyar asara ce. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan layi ɗaya ko 'yan aji ɗaya, ku sayi buhu, ku raba kuɗin dako, ku auna a gaban kowa. A zura hannu har tsakiyar buhu a duba, kada a tsaya ga na sama.

Masu adashi su ma su sake tunani. In kuɗi na faɗuwa, mai kwasar ƙarshe shi ke cutuwa, domin ya zuba kuɗi mai nauyi ya karɓi mara nauyi. In zubin ya koma kwano, kowa ya kawo kwanon gero ko na wake duk mako, to na farko da na ƙarshe abu ɗaya za su ɗauka.

Kada tanadi ya tsaya kan hatsi. Tuwo ba miya azaba ne. Da rani, lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya cika 'Yankaba, a yanka a shanya a yi kauɗa. Haka kuɓewa da barkono. Kuka, daddawa, karkashi, gishiri da kanwa duk suna jure ajiya. Zogale a inuwa ake busar da shi, ba a rana ba. Wake, gyaɗa da waken suya su ne naman talaka, kada a bar su a baya. Man girki kuwa a saya daidai, a ajiye inda rana ba ta bugunsa, domin in ya daɗe yakan sauya wari.

Ajiya ita ce babban aikin

A nan mutane suka fi yin asara. An sha wahala an saya, bayan wata uku a buɗe buhu a tarar wake ya zama gari, ƙwari na ta tashi. Abokan gaba uku ne: danshi, ƙwari da ɓera.

Danshi ne kan gaba. Sabon hatsi sau da yawa bai gama bushewa ba, in aka ƙulle shi haka sai ya yi fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Duk ƙwayar da ta sauya launi ko take warin ruɓa a tsince a zubar, kada ma a ba kaji. A baza hatsi a kan tabarma ko leda mai tsabta, ya sha rana sosai, a bar shi ya huce kafin a ɗura. Gwajin farko na haƙori ne: busasshiyar ƙwaya ƙas take fashewa, mai danshi kuwa lotsawa take. Gwaji na biyu ya fi tabbas. Samo kwalba busasshiya, zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishiri wanda shi ma ya bushe ƙayau. Rufe, girgiza na minti ɗaya, ajiye minti 15, sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsi rana. In bai manne ba, ya yi.

Ƙwaro kuma numfashi yake kamar ni da kai. Toshe masa iska, ya mutu, har da wanda ke cikin ƙwaya. Jarkar man girki ta wadatar. A wanke ta, a kife ta kwana biyu ko uku har ba ɗigon ruwa a ciki. A ɗura wake ana bubbuga gindinta a ƙasa don ya zauna, har ya zo baki. A shimfiɗa leda a bakin, a murɗa murfi tam. Kada a riƙa buɗewa ana leƙe, kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari. A bar ta wata biyu aƙalla. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau goma. Mai buhu guda ko fiye ya nemi buhun PICS a wajen masu kayan noma. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, kuma kafin a zuba a duba ko ta huje.

Ga gargaɗi, a karanta shi sau biyu. Kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi a cikin abinci. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan haka. Ƙwayar maganin ƙwarin nan da 'yan kasuwa ke jefawa a sito, iskar da take fitarwa tana kashe mutum, ba a kawo ta gidan da ake kwana. Mai ɗaki ɗaya da iyali a ciki, jarka ta ishe shi.

Buhu kada ya zauna a kan siminti, kada ya jingina da bango. A ɗora shi a kan katako ko bulo, a bar tazarar da tsintsiya za ta wuce, don a ga kashin ɓera da wuri. A ajiye tsaba, a riƙa kai niƙa kaɗan-kaɗan, domin gari ba ya daɗewa kamar ƙwaya. Mutanen karkara da ke zuba damin gero a rumbu ba tare da sussuka ba sun san wannan tun tuni, kuma ita ce shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar, cewa a bar hatsi a zangarniyarsa. A rubuta wata da shekara a jikin kowace jarka. Wadda aka fara cikawa ita ake fara ci.

Tanadi daban, ɓoyewa daban

Wani ɗalibi ya tambaye ni ko wannan ba shi ne ɓoye abincin da malamai ke wa'azi a kai ba. A'a. Wanda aka hana shi ne mutum ya kwashe abin da jama'a ke bukata ya kulle a sito, yana jiran a galabaita ya sayar da tsada. Mai ajiye abin da iyalinsa za su ci, wanda ya saya lokacin da kasuwa ke cike, bai tauye kowa ba. Hasali ma ranar tsanani shi ne zai iya miƙa kwano ta katanga. A sa rabon maƙwabci da almajiri a cikin lissafi tun farko, don ko ba a sa ba za a bayar.

In har abinci ya yi ƙaranci, a fara da yara ƙanana, masu ciki da masu shayarwa. A soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, a riƙa dama wa yara kunu. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, alamar tamowa ce, a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai rage cin gawayi. Sannan a bar 'yan takardun kuɗi ƙanana a hannu saboda niƙa da ɗan garuwa, domin ranar da sabis ya ɗauke taransifa ba ta sayen ruwa.

Aiki

1. Wani gida yana cin kwano 2 na masara a rana. Kwano nawa zai ci a kwana 30? In buhu kwano 40 ne, buhu nawa ke nan?

2. A ce kwanon gero ₦1,500 ne da kaka, ya koma ₦2,200 da damina. Nawa wanda ya sayi kwano 20 da kaka ya tsira da shi?

3. Rubuta jimla biyu a kan yadda ake gane hatsi ya bushe.

Na gida: daga gobe har kwana bakwai, duk abin da aka auna za a dafa a rubuta shi, da sunan abincin da yawansa. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya ja layi ɗaya a madadin kowane kwano. A zo da takardar ranar darasi na gaba, tare da kwalba busasshiya da ɗan gishiri a ƙulle a leda.