Karanta kalmomin likita ga wanda ya sauka ƙasar waje

A Kaduna, ko Barau Dikko ka je ko asibitin 44, ba ka rasa ma'aikacin da zai warware maka zance da Hausa. A Ingila ko Amurka takarda za a miƙo maka, cike da dogayen kalmomin da yawancinsu daga Girkanci da Latin aka ƙera su. Kowace tana da kai, da gangar jiki, da wutsiya, kuma daga wutsiya ake fara karatu.

Wutsiyar -itis tana nufin kumburi. Gangar jikin ita ce gaɓar da abin ya shafa: gastr tumbi, hepat hanta, nephr ƙoda, arthr gaɓoɓi, enter hanji. Ke nan hepatitis kumburin hanta ne, gastroenteritis kuma na tumbi da hanji. Harafin o na tsakiya haɗi ne kawai. Idan ka ga anaemia a Landan, anemia a Amurka, ƙarancin jini ne duka, rubutun ne ya bambanta.

Inda ya kamata a nutsu shi ne takardar amincewa da tiyata. -ectomy cirewa ne, -otomy tsagawa, -ostomy buɗe kafa a jiki, -scopy leƙawa da na'ura. Hysteroscopy leƙa cikin mahaifa ne. Myomectomy cire ƙarin da ya fito a mahaifa ne a bar ta. Hysterectomy kuwa cire mahaifar ce ɗungurungum, babu sauran haihuwa. Mace mai son ƙarin 'ya'ya kada ta sa hannu sai an faɗa mata wanne ne a ciki, ko da layi ya taru a bayanta.

A farkon kalma, hyper yawa ne, hypo ƙaranci, kuma a bakin Bature mai sauri kusan ɗaya suke fita. Ga mai ciwon suga bambancin babba ne, domin hypoglycaemia faɗuwar suga ce, maganinta a sha abu mai zaƙi nan take. Ma'aunin ma ya bambanta: Ingila na amfani da mmol/L, Amurka mg/dL, ana ninka na farko sau 18 a sami na biyu. Ƙasa da 4 a Ingila, ko 70 a Amurka, suga ya faɗi.

Fasa kalma ba ya nuna girman ciwo. -oma ƙari ne, amma lipoma kitse ne da ya dunƙule, lymphoma kuwa kansa ce. Benign na nufin ba kansa ba ce, malignant na nufin ita ce. Chronic a wurin likita ciwon da ya daɗe ne, ba mai tsanani ba kamar yadda ake nufi a gida. Positive a sakamakon gwaji yana nufin an ga abin da ake nema.

Farasitamol sunansa acetaminophen a Amurka, shi ne a cikin Tylenol da magungunan mura da yawa. Wanda ya haɗa su da wanda ya taho da shi daga kemis zai iya wuce iyakar babban mutum ta giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, hanta ce ke ji a jikinta. A takardar magani, BD ko BID sau biyu ne a rana, TDS ko TID sau uku, PRN in buƙata ta taso.

Mu ma muna da namu kalmomin da ke rikita likita. Olsa, taifot, basir, shawara, sanyi: kowace a bakinmu tana ɗauke da ciwo iri-iri. Kada ka ce kana da olsa in ba gwaji ne ya nuna ba. Nuna wurin da yatsa, ka faɗi yaushe ya fara, da ko bayan cin abinci yake tashi. Faɗi rukunin jininka na sikila, AS ne ko SS. In zazzaɓi ya kama ka, ko da watanni bayan isowa, fara da cewa daga Najeriya kake, a gwada maleriya a ranar.

A asibitocin gwamnati na Ingila (NHS) tafinta kyauta ne, amma tun wajen karɓar rana ake nema. Kada a mai da yaron gida tafintan mahaifiyarsa.