Karo Karatun Gudanar da Harkokin Lafiya: Abin da Za Ka Shirya Kafin Ka Sayi Fom

Akwai matsayin da ma'aikacin lafiya ke kaiwa, aikin hannu ya ragu, aikin tebur ya ƙaru. Nas ɗin da ta shekara goma sha biyu a ɗakin haihuwa sai a wayi gari an ɗora mata jadawalin diyutin mutum talatin, da lissafin safar hannu da auduga, da rahoton ƙarshen wata. Likita a babban asibitin ƙaramar hukuma ya tarar rabin yininsa na tafiya a kan man janareta da kuɗin magani. Ba wanda ya koya musu wannan a makaranta, shi ya sa da yawa a nan Jos ke tunanin digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin lafiya. Tunanin mai kyau ne. Sai dai ko takardar za ta yi maka amfani a wurin aiki ko ba za ta yi ba, yawanci ana yanke wannan ne tun kafin lakcar farko: wane kwas ka zaɓa, kuma wace takarda ce ta shiga fayil ɗinka.

Wace kujera kake hange?

Fara da wannan, don akwai ƙofofin da mastas ba ya buɗewa. A asibitocin koyarwa na tarayya, irin JUTH da ke Lamingo, kujerar babban daraktan asibiti ta likitoci ce bisa doka, kuma a aikace manyan ƙwararru ne ke hawanta, waɗanda suka gama horon ƙwarewa na shekaru. Haka kujerar shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitanci. Daraktan mulki kuwa daga layin ma'aikatan gudanarwa yake fitowa. Nas, da mai haɗa magunguna, da masanin gwaje-gwaje, kowa da nasa tsanin, yana hawa har zuwa darakta a cikin sashensa. Saboda haka nas da ta yi mastas a gudanarwa ba ta zama jami'ar mulki don ta riƙe takarda. Idan tana son sauya layi, sai ta nemi canji a rubuce, sai akwai gurbi, kuma ana iya ajiye ta a matakin da bai kai wanda take kai ba. Mutane da yawa sai sun gama biyan kuɗin makaranta suke jin wannan.

Inda karatun ya fi saurin biya shi ne wuraren da ake neman mai iya tsari da lissafi: sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga na ma'aikatar lafiya, hukumar kula da asibitoci, hukumar lafiya a matakin farko, hukumomin inshorar lafiya irin PLASCHEMA a Filato ko NHIA ta tarayya, asibitoci masu zaman kansu da na mishan, da ƙungiyoyin ba da tallafi da mafi yawan ofisoshinsu ke Abuja. Ka nemo tallan guraben aiki biyar ko shida na irin kujerar da kake so, ka karanta abin da suka rubuta a ƙarƙashin "takardun da ake buƙata". Wannan ya fi shawarar abokin diyuti.

Bambancin da ke tsakanin kwasa-kwasan

Mai digirin farko da ya fita da aji na biyu, ko da ƙaramin ne, yawanci yana shiga mastas kai tsaye. Mai aji na uku da mai HND sai sun bi ta PGD, wato diflomar gaba da digiri, wadda ba ta gaza samista biyu. Kar a raina ta. Ga wanda ya daɗe da barin aji, ita ce ke maido da hannu.

A mastas ɗin kansa akwai hanya biyu, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Akwai na ilimi, M.Sc., mai kundin bincike mai nauyi, wanda ke kai mutum ga digiri na uku da koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, wanda aka tsara don ma'aikata, lakcarsa sau da yawa Juma'a da Asabar. Jami'o'i da dama ba sa karɓar na biyun a matsayin tsanin digiri na uku, ko su ce sai ka ƙara wani karatu a tsakani. Idan kana da ko ɗan burin koyarwa nan gaba, ka tambayi makarantar karatun gaba da digiri, ba dillalin fom a shagon intanet ba, ka kuma nemi amsar a cikin littafin ƙa'idojinsu.

Sunaye ma sun bambanta. MPH, wato mastas a kiwon lafiyar jama'a, ya fi karkata ga lafiyar al'umma: bin diddigin cututtuka, ƙididdiga, rigakafi, da ɗan gudanarwa a ciki. Wanda ke hangen hukumar lafiya a matakin farko ko ƙungiyoyin tallafi, wannan ya dace da shi. Kwas ɗin tsarawa da gudanar da harkokin lafiya, ko na mulkin asibiti, shi ne na kasafin kuɗi, ma'aikata, sayen kaya da dokoki. Jami'ar Najeriya a harabarta ta Enugu tana da sashe guda na wannan fanni. MBA, wato mastas a harkar kasuwanci, na mai son buɗe asibitinsa ne ko tafiyar da na wani. Ga ma'aikacin gwamnati a layin jinya, kwamitin ƙarin girma na iya cewa bai shafi aikinsa ba.

Mazaunin Jos zai fara dubawa a Jami'ar Jos, sannan ABU Zariya, da Jami'ar Abuja, da ta jihar Nasarawa a Keffi wadda ma'aikatan Abuja suka cika ta, da NOUN, jami'ar karatu daga gida mai hedikwata a Jabi, ga wanda ba zai iya barin diyuti ba. Kwasa-kwasai na canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka tallan bana za ka karanta, ba na bara ba. Abu biyu za ka tabbatar: NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta san da jami'ar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin kansa. Na ƙasashen waje sai an kai takardar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, ka ga araha da saurin gamawa ba su isa dalili ba. Mai son Birtaniya ya duba tallafin Chevening: mastas na shekara ɗaya, ana son gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu.

Takardar izini kafin komai

Wannan ne wurin da ya kamata a daɗe. Ma'aikacin gwamnati ba ya tafiya karatu sai da amincewar hukumarsa a rubuce, ko da lakcar ta ƙarshen mako ce kuma da kuɗin aljihunsa. Wanda ya yi karatu a ɓoye ya kawo takarda daga baya, ana iya ce masa hukuma ba ta san da zancen ba, a ƙi lissafa ta, wani lokaci har a bi shi da takardar tuhuma kan ranakun da bai zo aiki ba.

Tsarin shi ne: ka tabbata an tabbatar da kai a aiki, wato ka wuce shekara biyun gwaji kuma takardar tana hannunka. Ka rubuta wa shugaban hukuma ta hannun shugaban sashenka, ka faɗi sunan kwas, jami'a, tsawon lokaci, da irin izinin da kake nema: hutun karatu da albashi, ko ba albashi, ko izinin karatu kana bakin aiki. A sakin layi ɗaya ka nuna yadda kwas ɗin ya shafi aikin da kake yi yanzu. Kar ka rubuta "don in ƙaru da ilimi". Rubuta cewa kai ke riƙe da asusun magani na sashe, ko kai ke haɗa rahoton wata. Ka yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin "an karɓa" da kwanan wata a rajistara, ka ajiye a gida. Fayil yakan yi ɓatan dabo. Hatimin nan shi ne shaidarka.

Kwamitin horaswa ba kullum yake zama ba, kuma ba ya sakin mutum uku daga ɗaki ɗaya a shekara ɗaya. Ka nemi izinin neman gurbi tun kafin fom ya fito, in gurbin ya samu sai ka kai takardar a cika. Hutu da albashi yana zuwa da yarjejeniyar dawowa ka yi wa hukuma aiki na wasu shekaru. Karanta ta da kyau idan ranka na kan Abuja. Kada kuma ka sa rai da TETFund idan kai ma'aikacin asibiti ne zalla, tallafinsu na malaman manyan makarantun gwamnati ne.

Sauran takardu sanannu ne: kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, shaidar digiri, takardar NYSC ta gamawa ko ta yafewa, lasisin aiki na bana, da masu ba da shaida, yawanci uku. Wanda ke cin rai shi ne tiranskirif, wato takardar makin dukan darussan da ka yi. Tsohuwar makarantarka ce ke aika shi kai tsaye, kuma yana iya ɗaukar watanni. Ka biya ka fara bibiya tun kafin ka cika fom. Idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunanka na WAEC da na digiri, Muhammad a nan Mohammed a can, ka yi rantsuwar kotu yanzu.

A rubuce mastas samista uku ne zuwa huɗu. Ka yi kasafin shekara uku. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk zangon da ka ƙara sai ka sake rajista ka sake biya. Ban da kuɗin makaranta akwai na fom, na karɓar gurbi, na sashe, na bincike da ɗaurin kundi, da kuɗin mota in ta Akwanga za ka riƙa bi zuwa Keffi ko Abuja duk mako.

Cikin aji

Makin ci a wannan mataki 50 ne, kuma darasin da ya fi kayar da mutane shi ne ƙididdiga. Ka koyi Excel sosai kafin a fara, sannan manhajar ƙididdiga irin SPSS ko Epi Info. Ka karanta dokoki uku da kanka, ba taƙaitawar wani ba: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar NHIA ta 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda rashin saninta ke jefa shugabannin asibiti cikin matsala.

Duk abin da aka koya, ka gwada shi a ɗakinka. Misali, ɗaki mai gado 40 a wata mai kwana 30 yana da kwanan gado 1,200. Idan ka tara yawan majinyatan da suka kwana kowane dare ka samu 900, cikar gado kashi 75 ke nan. Raba 900 da mutum 150 da aka sallama ko suka rasu, ka ga kowa na yin kwana 6 a matsakaici. Da waɗannan lambobi biyu za ka iya zuwa gaban hukuma neman ƙarin nas, ko ka gano cewa jiran sakamakon gwaji ne ke riƙe mutane a gado.

Kundi shi ke tsayar da mutum shekara biyu bayan an gama lakca. Ka zaɓi batu ƙarami da bayanansa ke kusa da kai: tsawon jira a sashen marasa lafiya da ba a kwantarwa, dalilin karyewar asusun juya kuɗin magani, jinkirin biyan kuɗin inshora ga asibiti. "Matsalolin kiwon lafiya a Najeriya" ba batu ba ne. Kada ka raba takardar tambayoyi ko ɗaya kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka amincewa a rubuce, kuma izinin hukumar asibitin daban yake da wannan. Bayanan da aka tara kafin amincewa ana iya watsar da su gaba ɗaya. Za ka ga kowa na rubuta mutum 384 a matsayin adadin da zai tambaya. Lambar ta fito ne daga ɗaukar kashi 50 a matsayin hasashe da kuskuren kashi 5, a cikin jama'a masu yawan gaske. Idan duk ma'aikatan da kake nazari 300 ne, dole ka rage ta da lissafin gyara, in ba haka ba mai jarrabawa daga waje zai tambaye ka ina ka samo sauran 84. Sufabaiza kuma mutum ne mai ɗalibai da yawa: ka kai masa babi ɗaya a buge, da gyaran da ya yi a baya a manne, ka roƙi ranar dawowa kafin ka fita ofishin.

Bayan an kare kundi, ƙarin girma na nan a kan ƙa'idarsa. A aikin tarayya shekara uku ake yi a kowane mataki daga 07 zuwa 14, shekara huɗu daga 15 zuwa sama, ga jarrabawa, ga sharaɗin gurbi. Masu CONHESS da CONMESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya da na likitoci, su duba inda lambarsu ta yi daidai da wannan. Takardar tana ƙara maki ne a tantancewa, tana kuma sa a tuna da kai idan ana neman shugaban sashe. Ranar da sanarwar sakamako ta fito, ka rubuta takardar dawowa bakin aiki, ka haɗa da kwafin izinin farko da na sakamakon, ka nemi a sabunta bayananka. Ka ba hukuma kwafin kundin da shafi ɗaya na shawarwari. Sannan ka nemi a sa ka a kwamitin magani, ko na inganta aiki, ko teburin SERVICOM mai karɓar koken jama'a kan hidima, domin a intabiyu abin da za a tambaya shi ne wane kasafi ka taɓa haɗawa, mutum nawa ka taɓa jagoranta, kuma me ya canza a lambobin sashen.