Yadda na gyara tayar motar rimot da ta daina ja

Babbar motar rimot ɗina, mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, ta koma ja gefe guda bayan na sa mata batir mai ƙarfi. Injin na ihu, amma tayar baya ta dama na juyi a banza.

Da na kwance noti, sai ga abin a fili: ƙwayar nan mai kusurwa shida, ta milimita 12, wadda ke riƙe wili a kan aksil, ta cinye ta zama kamar kwabo. Ta roba ce. Ƙaramin fil ɗin da ke ratsa aksil ma ya lanƙwashe.

Na sa sabuwar ƙwaya ta alminiyom mai milimita 17, irin ta motocin 1/8, waɗanda suka fi tawa girma. Dole wili ma ya canza, don tsohon ba zai hau ba. Sandunan juya taya na roba kuwa na musanya su da na ƙarfe, na sabunta boris, na ɗiga shuɗin gam na hana sukuru kwancewa a ɗan sukurun da ke danne ƙwayar. In babu gam ɗin, jijjiga za ta warware sukurun.

Yanzu da ƙarfe ya maye gurbin roba, duk bugun tsalle kan giyar tsakiyar aksil yake sauka, shi ya sa nake sakin maƙura kafin motar ta dira.